Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Haƙorin Goggo

A makon jiya na tsaya inda na kammala karatun likitan haƙori a Khartum, aka tura ni Wad Madani aikin shekarar horo a 2004. Kafin in gama sabawa da wurin, labari ya kai Mai Wurno cewa ɗan gidanmu ya zama likita. Ga waɗanda ba su ga kashin farko ba, garin namu yana bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, kuma kakanninmu ne suka kafa shi tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga lokacin nan duk mai ciwon haƙori a danginmu ya san motar da zai shiga.

Goggo, ƙanwar mahaifina, tana cikin waɗanda suka fara zuwa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗan nan, cire mini shi in huta." Da ta buɗe baki sai ƙamshin kanumfari ya bugo ni. Ta daka shi, ta naɗe a auduga, ta cusa cikin kogon wani matauni na ƙasa. Dabarar tata tana da tushe, domin man kanumfari yana kwantar da zafi, har a asibiti muna kwaɓa shi da farin garin zinki mu yi ciko na wucin gadi. Sai dai ba ya mayar da abin da ya ruɓe.

Na ce, "Goggo, yana hana ki barci?" Ta ce a'a. Yana tashi haka kawai? A'a, sai ta sha ruwan randa ko shayi mai zaƙi ya tsira mata, ya kuma lafa nan da nan. Wannan amsa ta faranta mini rai, don alama ce jijiyar tana da rai kuma tana iya farfaɗowa. Hoton da aka ɗauka kuwa ya nuna ramin ya yi zurfi, saura ɗan siririn bango tsakaninsa da jijiya.

Na kira babban likitan da ke kula da mu, dattijo mai ƙarancin magana. Ya duba hoton, ya tambaye ni me nake shirin yi. Na ce ina tsoro biyu, Dakta: in na kankare ruɓar duka zan huda jijiya, in na bari kuma na rufe ƙwayoyin cuta a ciki. Ya ce, "Ka taɓa ganin wanda ya rufe ramin haƙori babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki?"

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda ya fi komai tauri a jikin mutum. Ƙarƙashinsa akwai dentin, mai cike da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, dukkansu sun nufi tsakiya, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Abin da iyayenmu ke kira tsutsa bakteriya ce, babbarsu Streptococcus mutans, mai cin sukarin da ya saura a baki ta fitar da tsami, tsamin ya narkar da ɓawon. Da rami ya kai dentin sai ƙwayoyin su shige waɗannan hanyoyi, kuma babu injin da zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu a Sudan sukari ba baƙo ba ne. Muna noma rake a Kenana, kuma Goggo ba ta ɗaukar shayi a matsayin shayi sai cokali ya kusa tsayawa a ciki.

Ga yadda muka yi. Na kankare bangon ramin ta kowane gefe har na kai wuri mai tauri da tsabta, can ƙasa kuwa, daidai kan jijiya, na bar ɗan abin da ya yi laushi. Muka kewaye haƙorin da auduga don kada yawu ya shiga, na goge ramin da ruwan kulohekzidin mai kashe ƙwayoyin cuta. Sannan dattijon ya miƙo mini Dycal, wato kalsiyam haidiroksaid, ya ce in ɗiga kaɗan a wuri mafi zurfi kawai. Wani likita Bajamushe mai suna Hermann ne ya shigo da wannan sinadari aikin haƙori a 1920. Kaifinsa irin na toka ne, a ma'aunin pH tsantsarsa yana kai wa 12 da ɗoriya, yanayin da mafi yawan bakteriya ba sa iya zama a ciki, kuma yana zuga jijiya ta gina sabon bango ta kāre kanta. Rauninsa shi ne ba shi da ƙarfi, kuma danshi yana narkar da shi. Saboda haka muka rufe shi da gilas ayonoma, simintin da Wilson da Kent suka fitar a Ingila a farkon shekarun 1970, wanda yake manne wa haƙori da kansa, yana kuma sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a hankali.

Ina cikin kwaɓawa dattijon ya ce in daina kallon ƙasan ramin, in kalli bakin ramin. Ya kawo mini binciken Kakehashi da abokan aikinsa na 1965: an huda jijiyar haƙoran ɓeraye, waɗanda aka raina babu ƙwayar cuta a jikinsu suka warke, na gama-gari kuwa jijiyarsu ta mutu. Ya ƙara da na Mertz-Fairhurst a Amurka, wanda aka buga a 1998, inda aka liƙe ciko a kan ruɓa aka bi haƙoran shekara 10, ruɓar ba ta ci gaba ba. Na tuna yadda ake yaɓe bakin rumbu a garinmu, ƙwaron da ke ciki ya rasa iska, na waje ya rasa ƙofa. Ƙwayar da aka yanke wa sukari tana raguwa ta yi sanyi. In kuwa gefen ciko yana yoyo, duk maganin da aka shimfiɗa a ƙasa wanke shi za a yi.

Goggo ba ta gamsu ba. "Wato tsutsar tana nan ka rufe ta?" Na ce, "Tana nan, Goggo, amma mun hana ta abinci. Ki rage sukari, ki riƙe asuwakinki na arak safe da dare, ki dawo bayan kaka." Ta ce asuwaki dai ba sai an gaya mata ba, maganar sukari kuwa za ta duba.

Bayan an gama girbin dawa ta dawo. Da na cire cikon, wurin da na bari da laushi da danshi ya bushe, ya yi duhu, ya taurare har ƙarfe yana ƙara a kansa. Na sake shimfiɗa gilas ayonoma, na cike da amalgam, baƙin cikon nan da aka fi amfani da shi a lokacin. Da wannan haƙori ta ci naman layya shekaru da dama.

Yau a Jidda, inda nake aiki, kayan sun canza. Muna da MTA, wani siminti da ake shimfiɗawa a kan jijiya, wanda Mahmoud Torabinejad ya samar a Jami'ar Loma Linda a shekarun 1990, da ire-irensa da suka biyo baya, waɗanda ba sa narkewa kamar Dycal, sai dai tsada. Akwai kuma gam ɗin ciko da aka haɗa maganin kashe bakteriya a jikinsa, aikin Imazato na Japan. A rami marar zurfi ma likitoci da yawa sun daina shimfiɗa komai, tunda bincike bai nuna ƙarin amfani ba. Ina murna da sababbin kayan nan, ina kuma amfani da su. Abin da yake damuna shi ne in ga matashin likita ya zuba magani mai tsada a ramin da yawu ya jiƙa, ko ya yi gaggawa wajen gyara gefen ciko don layi ya yi tsawo a waje. Haƙoran 'yan uwanmu Takari da dama da nake sake buɗewa, ta gefe suka lalace, kuma mai shi ya biya kuɗin da ya tara da gumi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin fitarmu ƙauyukan Jazira, yankin da Wad Madani take, inda babu lantarki, muka yi ta cike haƙoran yara da ƙarafan hannu da gilas ayonoma kaɗai, bisa hanyar da Jo Frencken ya fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980.