Abin da na koya wajen mai da Jane Eyre wasan kwaikwayo da Hausa

Ina aji uku a sashen Turanci na Jami'ar Jos lokacin da rukunin wasan kwaikwayo na zumuntar ɗalibai Kirista ya ɗora mini aikin rubuta wasan da za mu nuna a ƙarshen zango. Al'adar rukunin ita ce a ɗauko labari daga Littafi Mai Tsarki, kamar na Yusufu ko na Rut, amma sai na roƙi a bar ni in ɗauko Jane Eyre, littafin da Charlotte Brontë ta fitar a Ingila a 1847, in mai da shi Hausa. Na karanta shi tun daga farko har ƙarshe a lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya zaunar da mu a gida wata takwas, kuma tun lokacin nake jin cewa finafinan da aka yi daga littafin sun rage wani abu da ya kamata a mayar masa.

Wata 'yar ɗakinmu, Musulma 'yar Bauchi, ita ce ta sa na gane ko mene ne abin. Mun kalli fim ɗin 2011 na Cary Fukunaga tare a wayata, har muka iso inda aka tsayar da ɗaurin auren Jane da Rochester, mai gidan da take aiki a ciki, a coci saboda an gano yana da mata mai taɓin hankali, Bertha Mason, wadda ya kulle a saman bene. Da Jane ta gudu da asuba, sai ƙawata ta ce mini, "Ke kuwa, me ya hana ta zama? Matar ba ta da lafiya, yana ciyar da ita, shi kuma yana son wannan." Na bayyana mata cewa dokar Ingila da koyarwar coci ba su yarda da mata biyu ba, don haka abin da Rochester yake roƙon Jane shi ne zaman dadiro a kudancin Faransa. Nan take ta fahimta, domin addininta ma ya haramta wannan, amma ta ce fim ɗin ya nuna mata yarinya ce mai kishin mutuncinta, bai nuna mata mai tsoron Allah ba.

Gaskiyarta ne. A babi na 27, Jane tana son mutumin nan har cikin ranta, ba ta da uwa ba ta da uba, babu wanda zai ji kunya saboda ita, kuma ita da kanta take faɗa wa zuciyarta haka. Abin da ya fitar da ita daga Thornfield, gidan Rochester, shi ne ƙudurin da ta yi na riƙe dokar da Allah ya bayar, tare da tunanin cewa an kafa doka ne domin ranar jarraba irin wannan. Mutuncin kai yana cikin maganarta, amma a kan bangaskiya ya tsaya. Fim ɗin 1943, wanda Orson Welles ya fito a ciki, ya cire St John Rivers mai shirin aikin bishara, ya ba wani likita sunan Rivers. Shirin BBC na 2006 mai kashi huɗu yana da kyau ƙwarai, ina kuma son yadda Ruth Wilson ta taka rawar Jane, amma ya fi karkata ga shauƙin da ke tsakanin masoyan biyu. A ganina shirin 1983 mai kashi 11, wanda Timothy Dalton ya fito a ciki, shi ne ya fi riƙe kalmomin littafin, domin yana da sararin yin haka.

Da na zauna yin nawa, sai na fara tausaya wa masu shirya fim. Babi 38 ne a gabana, an kuma ba ni awa ɗaya da rabi. Na zubar da yawancin zaman Jane a gidan matar kawunta, na zubar da baƙin da suka zo Thornfield, na taƙaita batun gadon da ta ci daga ɗan'uwan mahaifinta zuwa jimla biyu. Wahalar da ta fi kowace ita ce, littafin da bakin Jane aka rubuta shi, kuma gwagwarmayar da ta fi muhimmanci a cikin zuciyarta take faruwa, inda ba a gani. A dandali kuwa, mace mai tsayuwa shiru tana tunani ba ta riƙe 'yan kallo. Na gane cewa sau da yawa ba ƙin addini ne yake sa a cire bangaskiya daga fim ba. Ita bangaskiyar ce take da wuyar nunawa, soyayya kuwa kallo ɗaya ya ishe ta.

Mafitar da na samu ita ce Helen Burns, ƙawar Jane ta makarantar Lowood, wadda tarin fuka ya kashe tana yarinya. Brontë ta ɗauko halinta ne daga yayarta Maria, wadda ta rasu a 1825 bayan ta kamu da ciwo a makarantar kwana ta 'ya'yan limaman coci. Na ba Helen lokaci mai tsawo a farkon wasan, inda take koya wa Jane gafara da sa zuciya ga tashin matattu. Sannan a daren yanke shawara na dawo da yarinyar da ta fito a matsayinta, ta tsaya a gefen dandali, Jane tana jayayya da ita a fili yayin da Rochester yake roƙo ta ɗaya gefen. Ta haka 'yan kallo suka ji dalilin da kunnuwansu. Mun yi ta maimaita wannan fitowar da yamma bayan lacca, cikin sanyin hunturun Jos, har sai da mai yin Jane ta daina yin maganar kamar haddar aya, ta fara yin ta kamar wadda abin yake ci mata rai.

Jayayyar da ban zata ba daga cikin zumuntarmu ta taso. Wasu daga cikin shugabanni sun nemi in cire Brocklehurst, limamin da yake kula da Lowood, wanda yake barin marayu da yunwa, yake ba da umarni a aske gashinsu da sunan tawali'u, alhali matarsa da 'ya'yansa mata suna shigowa cikin siliki. Sun ce nuna bawan Allah a haka a gaban baƙi zai zubar da darajar ikilisiya. Na girmama damuwarsu, amma ban yarda ba. Brontë 'yar fasto ce, kuma a gabatarwar bugu na biyu ta kare kanta daga wannan zargi, ta ce ganin kai mai adalci daban yake da addini. Idan aka cire munafukin, haƙurin Helen ba zai sami abin da za a auna shi da shi ba, kuma da mun yi wa littafin irin abin da nake zargin finafinai da shi, wato yanke sashen da bai yi mana daɗi ba. Wata dattijuwa mai ba zumuntar shawara ta goyi bayana, ta tuna musu yadda Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a Matiyu 23, sai aka bar fitowar.

Sun kuma so a rufe wasan da wa'azi, ni kuwa na ce littafin ya riga ya tanadi rufewarsa. A babi na 37 Rochester, bayan gobarar da ta makantar da shi ta kuma raba shi da hannu ɗaya, ya furta da bakinsa cewa ya yi laifi, ya fara addu'a, ya gode wa Mahaliccinsa. Fim ɗin 2011 ya ƙare da haɗuwarsu kawai, babu wannan tuba. Na mayar da ita, na kuma bar kalma ta ƙarshe a bakin St John daga Indiya, kamar yadda Brontë ta yi, yana jiran mutuwarsa da addu'ar Ru'ya ta Yohanna 22:20. Ban so mutumin ba, domin ya nemi auren Jane ba tare da ƙauna ba, ya kuma yi amfani da sunan Allah wajen matsa mata, amma marubuciyar ta ƙi aurar masa da ita kuma ta ƙi raina kiransa, na ga bai kamata in sauƙaƙa abin da ita ta bari da nauyinsa ba.

Yanzu, duk fim ɗin da aka ɗauko daga tsohon littafi, ba na ƙirga fitowar da aka zubar, domin na san dole ne a zubar. Ina duba ko an bar wa mutanen labarin dalilan da suka sa suka yi abin da suka yi. Da wannan ma'auni nake sake kallon shirin Things Fall Apart da NTA ta nuna a 1987, inda Pete Edochie ya fito a matsayin Okonkwo, domin aikin kammala karatuna a kan Nwoye ɗan Okonkwo yake, yaron da kisan Ikemefuna, wanda ya zauna a gidansu kamar ɗan'uwansa, da zubar da tagwaye a daji suka dame shi tun kafin ya ji waƙar masu bishara.