Godiya ga duk wanda ya tsaya wa autanmu

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar Asabar da aka yi bikin yaye su Auta daga sakandare wayata ba ta huta ba, kira da saƙo ta ko'ina, wasu ma har yanzu ban samu na amsa ba, shi ya sa na ce bari in zauna in yi godiyar gaba ɗaya kowa ya gani. Alhamdulillahi an ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa na makarantarsu, saboda ƙwallon ƙafa da gudun mita 400 da ƙwallon hannu duk yana ciki, sai kuma takardar yabo ta aikin sa kai, wadda ita ce ta sa Hajiya hawaye a wurin.

Gaskiya ni da farko ban so wasan nan ba. Tun da Allah ya yi wa Baba rasuwa nauyin karatunsa ya dawo kaina, tsorona kar bal ta cinye boko. Kocinsu ne ya tako har gida Tudun Wadan Kaduna bayan sallar isha'i, ya zauna kan tabarma ya ce min Yaya ka ba ni yaron nan, duk ranar da ya faɗi jarabawa ni da kaina zan karɓe but ɗin. Ya tuna min su Amokachi da Garba Lawal da Tijjani Babangida duk garin nan suka fito. Ni ma na tuna 2009 da muka yi ta layi a filin wasa na Ahmadu Bello wajen kallon gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, lokacin Auta yana goye a bayan Hajiya. Koci, ka cika alkawari, Allah ya saka maka da mafificin alheri ya raya maka zuri'a.

Sai Baba mai gyaran takalmi na bakin layinmu. But ɗaya yaron nan ya yi shekara biyu da shi, ɗan gwanjo ne na Kasuwar Barci, duk sanda bakinsa ya buɗe Baba zai ajiye aikin mutane ya ɗinke da zaren nan mai kauri, ka miƙa masa kuɗi ya ture hannunka ya ce a kai kofi gida kawai. To Baba an kawo.

Lokacin da ya samu targaɗe a idon sawu ana saura sati uku intahaus, wato gasar wasannin makarantarsu, abokansa ne suka dinga karɓa-karɓa suna kai shi makaranta a keke, Hajiya kuma kullum da daddare ruwan zafi da tsumma da man zafi, yana cije baki tana masa sannu. Ku ma mun gode, yaran kirki.

Amma wallahi abin da ya fi min kofin daɗi shi ne shaidar mutanen unguwa. Kafin damina shi da samarin layi suke yashe kwata da shebur da baro, ranar Lahadi yana tara ƙananan yara a zauren gidanmu yana musu lesin na lissafi kyauta, da azumi kuma daga tirenin ko wanka bai yi ba zai wuce rabon kunu da ƙosai ga masu jinya a asibiti. Ba ni na sa shi ba, malaminsu na Islamiyya ne ya ɗora su a kai, Malam Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Maƙwabta da suka taya Hajiya girkin walima, da wanda ya ba mu aron kujeru da rumfa bai karɓi ko sisi ba, da 'yan uwa da suka taso tun daga Zariya da Rigasa, Allah ya bar zumunci. Wanda ban ambata ba dan Allah ya yafe min, kai ne ya ɗau zafi.

Yanzu sakamakon WAEC muke jira, a sa shi a addu'a. Masu tambayar hotuna kuma zan tura da yamma in an kawo wuta.