Jimlar da marubuci bai rubuta ba

Idan aka raba wa ɗaliban shekarar farko a jami'a sharhin wata jarida, aka ce su fitar da tsarin hujjarsa, galibinsu taƙaitawa suke yi, wasu kuma su zarce kai tsaye zuwa goyon baya ko suka. Abin da nake nema a wurinsu dabam ne: su ware da'awar da marubucin yake so a amince da ita, su ware dalilan da ya jingina ta a kansu, sannan su tono abin da ya haɗa dalilan da da'awar, wanda sau da yawa ba ya cikin rubutun kwata-kwata.

Masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya kasa hujja gida shida a 1958, amma a ganina waɗannan ukun sun ishi mai farawa. Wanda ya taɓa karanta manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya saba da muƙaddima biyu da ke haifar da natija.

Ga irin misalin da nake rubutawa a allo: "Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, saboda haka a dawo da tallafin." Cikin minti ɗaya ɗalibai sukan ja layi ƙarƙashin da'awar, domin "saboda haka" ta nuna musu ita. Inda aji yake yin tsit shi ne idan na ce kowa ya rubuta a gefen takardarsa jimlar da dole a yarda da ita kafin hujjar ta tsaya da ƙafarta. A gaskiya jimloli biyu ne: cewa cire tallafin shi ne babban musabbabin tsadar, da kuma cewa dawo da shi zai sauko da farashi. Da zarar sun fito fili, sai wani ya ɗaga hannu ya tuna mana cewa a watan Yunin shekarar aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira, wata kuma ta kawo batun manoman da rashin tsaro ya hana zuwa gona.

Ba na ba da maki a kan ra'ayin ɗalibi game da tallafin, ko da ya dace da nawa. Makin yana kan ko ya rubuta ɓoyayyar jimlar yadda shi kansa marubucin zai karanta ta ya ce lallai haka yake nufi.