Saƙon Godiya ga Mutanen Duwatsun Tula da Dadiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya kai mu lafiya, ya kuma dawo da mu cikin iyalanmu a Gombe, bayan tattakin da muka yi a duwatsun kudancin jiharmu, inda muka tashi daga Kaltungo muka haura Tula, sannan muka gangara ta ƙasar Dadiya har muka ɓulla titin Yola a Bambam. Na rubuta wannan saƙo ne a madadin dukkan abokan tafiyata, domin akwai mutanen da suka ɗauki ɗawainiyarmu alhali ba su taɓa ganinmu ba, kuma bai kamata mu yi shiru a kan alherinsu ba.

Muna fara miƙa godiya ga dagatai da masu unguwannin da muka yi wa sallama a kowane ƙauye. Babu wanda ya tsare mu da tambayar abin da ya kawo mu kafin a shimfiɗa mana tabarma a kawo mana ruwa, sai bayan mun huta ake jin ta bakinmu, sannan a haɗa mu da wanda zai raka mu zuwa gari na gaba. Allah ya ja zamaninku.

Godiya ta musamman ga dattijon da ya yi mana jagora tun daga Tula Wange. Baba, Allah ya saka maka da alheri. Kai ne ka zagaya da mu tsohon garin da ya taɓa zama hedikwatar Tangale-Waja a zamanin Turawa, ka nuna mana gidan yarin da ya samo asali tun wancan lokaci. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne gonakin da ke jikin dutse, waɗanda kakanninku suka jera wa duwatsu hawa-hawa domin kada ruwan sama ya wanke ƙasa. Ka tsayar da mu ka bayyana mana cewa aikin ba ya ƙarewa, saboda duk damina sai wani sashe ya zube, duk rani kuma sai an sake ɗora shi da hannu. A kan waɗannan matakalai muka ga dawa da gyaɗa da wake da riɗi, a wurin da manomin fili zai rantse cewa ko ciyawa ba za ta tsira ba. A ganina, duk ɗalibin da ke karatun aikin gona a jihar nan ya cancanci a kai shi ya ga wannan da idonsa.

Kai ne kuma ka hana mu sa hannu a tsagar dutse ko ɗaga tarin kara ba tare da sanda ba, ka kuma hana mu fita da dare da silifas. Lokacin kaka ne, lokacin da kububuwa ta fi yi wa manoma ɓarna a wannan yanki, abin da ya sa ake da cibiyar maganin saran maciji a Kaltungo. Da ikon Allah, da kuma bin maganarka, babu wanda ta taɓa a cikinmu.

Jarrabawar ta zo mana ne a gangaren da ke tsakanin Tula da Dadiya, inda tsakuwa ta kwashe ɗan'uwanmu ya faɗi ya yi mummunan targaɗe, ga rana ta yi yamma, ga babu sabis ɗin waya. Wasu samari da ke girbi a kusa suka bar dammunan dawarsu a gona, suka sari sanduna biyu suka ɗaure da zannuwa, suka ɗauke shi a kafaɗa suna karɓa-karɓa a kan hanyar da mu ma da muke da lafiya sai mun dafa dutse muke wucewa. Da muka isa ƙauyensu, mai ɗori ya duba ƙafar ya ɗaure, ya kuma faɗa mana gaskiya cewa mu kai shi asibiti a ɗauki hoto, kada mu tsaya a kan aikinsa kaɗai. Mun miƙa wa samarin ɗan abin da ke aljihunmu, babbansu ya mayar mana, ya ce mu ƙara a kuɗin magani. 'Yan'uwa, ba mu da abin da za mu biya ku da shi, Allah ya biya ku.

Ga Mama da ta sauke mu a gidanta a wannan dare, muna godiya ƙwarai. Gidan Kiristoci ne, amma kafin mu buɗe baki an ajiye mana ruwan alwala an nuna mana gabas. Da safe ne muka ga nisan rafin da 'ya'yanki mata ke ɗebo ruwan nan, suna hawowa da shi a ka, sai muka gane girman abin da aka ba mu. Tun da aka ƙirƙiro jihar Gombe a 1996 muke kiran waɗannan bayin Allah 'yan jiharmu, amma kaɗan ne daga cikinmu mazauna birni suka san wahalar ruwa da ta hanya da suke sha. Muna roƙon masu hali da masu iko su waiwaye su da rijiyoyin burtsatse da hanyoyin da ko babur zai iya bi da majinyaci.

Ba mu manta da 'yan acaɓar da suka fito da mu bakin titi ba, da direban da ya juya motarsa dominmu a Bambam, da iyalanmu da suka kwana suna addu'a a lokacin da wayoyinmu ba sa shiga. Ga masu ta tambayar jikin ɗan'uwanmu, an ɗauki hoton ƙafar an tabbatar babu karaya, yanzu haka ya fara takawa da sanda, kuma ya ce a isar da gaisuwarsa ga duk wanda ya je duba shi. Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sa wa amfanin gonar masu masaukinmu albarka.