Maki 72 da na bayar a aji uku

Ina shekara ta biyu da kama aiki a kwalejin ilimi aka sa sunana cikin masu zagayen duba ɗaliban koyarwar gwaji, abin da kowa ke kira TP. Yau fiye da shekara goma ke nan. Ɗalibin NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, shekara uku yake yi, a ta ƙarshe a tura shi makaranta ya riƙe alli, mu kuma mu bi shi da takardar maki. Yawancinsu makarantar cikin gari suke nema, mu malamai ma ba ma ƙi, don kowa na lissafin man mashin ɗinsa. Ni da yake sabon hannu ne, sai rabona ya faɗa wata firamare ta ƙauye, wadda sai ka bar kwalta ka sha ƙura kusan rabin awa kafin ka hango tutarta.

Ɗalibina yana koyar da aji uku. Rajista ta ce yara 93, na ƙirga 60 da 'yan kai, zaune a ƙasa, wasu a kan buhun taki da suka zo da shi daga gida. Tsarin ilimi na ƙasa kuwa cewa ya yi malami ɗaya yara 35. Ɗalibin nawa ya yi shiri, ba laifi. Ga tsarin darasi a rubuce tsaf, ga kwali mai zane da ya saya da kuɗin aljihunsa, ga Turanci yana zuba. Duk inda ya tsaya ya tambaya ko an gane, ajin ya ɗauka baki ɗaya: "Yes sa!" Na bi layukan takardata ɗaya bayan ɗaya, gabatarwa, kayan koyarwa, murya, kula da aji, shiga. Maki 72 suka fito. Na sa hannu ina jin na yi aiki.

Ina tayar da mashin wani dattijo ya taso daga gindin darbejiya. Shi ne ainihin malamin ajin. Muka gaisa, ya tambayi hanya da iyali, sannan ya ce, "Malam, ko za ka kira yaro ɗaya daga baya ya karanta maka abin da ke allo?" Na ɗan ji nauyi, amma na koma. Yarinyar farko ta sunkuyar da kai. Na biyu ya maimaita abin da ya ji an rera, yatsansa na nuna wani layi daban. Na goge allon na rubuta "kaza". Cikin yara biyar da na kira, ɗaya ce ta haɗa baƙaƙen, ita ma da ƙyar. A lokacin tsarin ilimi ya tanadi a koyar da yaro da harshen da ake yi a garinsu a shekaru ukun farko na firamare. Na san wannan, har jarabawa na sha yi wa ɗalibai a kai, amma babu layinsa a takardar maki, don haka ban nema ba.

Ranar ban koma gida da wuri ba. Dattijon ɗan makarantar horon malamai ne ta da, mai takardar malanta ta Gireti Tu, daga cikin waɗanda aka kwasa bayan an buɗe UPE, shirin ilimin firamare ga kowa, a 1976, daga baya ya yi NCE ta hannun cibiyar horon malamai ta NTI da ke Kaduna yana aiki yana karatu. Abin da ya zayyana mini a gindin bishiyar nan babu shi a kwas ko ɗaya da muke koyarwa. Ranar kasuwar garin rabin 'yan matan ajin suna wurin talla, don haka ba ya fara sabon darasi ran nan, bita yake yi. Da kaka, lokacin roron wake da cirar gyaɗa, mazan ne ke ɓacewa, idan sun dawo sai ya ware su ya ja su daga inda suka tsaya. Lissafi da karatu kafin a tashi tara yake yin su, domin yaron da ya fito ko koko bai sha ba, bayan tara gangar jikinsa kawai ke aji. Fensir ɗaya yakan yanka shi uku. Ƙirga da tsakuwa da karan dawa, rubutu a ƙasa da tsinke kafin a taɓa littafi. Ya san gidan da za a aika wa uwa, da gidan da sai an bi ta wurin liman ko mai unguwa.

Na ce, "To Baba, me ya hana ka nuna wa yaron nan?" Ya yi murmushi ya ce, "Wa ya ce in nuna masa? Takarda kuka aiko wa hedimasta, ba ni ba."

Gaskiyarsa. Abin da muke kira haɗin gwiwa tsakanin kwaleji da makaranta wasiƙa ce guda mai hatimi. Ɗan TP na isowa, malamin aji ya miƙa masa alli ya ɗauka hutu ya samu, wani ya tafi gona, wani ya hau acaɓa. Ban cika ganin laifinsu ba, wanda ya san albashin malamin firamare zai yi musu uzuri. Ba wanda ya ce musu su ma masu horarwa ne, ba a neman ra'ayinsu a maki, ba ko sisin kwabo. Mu da muke leƙowa sau biyu ko uku a zango mu ne masu hukunci, wanda ya kwashe shekara talatin a ajin kuma ɗan kallo.

Shirin nan na tallafin karatu ga 'yan matan karkara, wanda aka fara a 2008 a jihohin Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato tare da UNICEF, ya kama wani gefe na matsalar. A ɗauko yarinya daga ƙauyensu, a biya mata NCE, da sharaɗin ta koma ta koyar a karkara shekara biyu. Ita ba sai an gaya mata ranar kasuwa ba. Sai dai idan ta zo kwaleji, darasin da muke ba ɗan birni shi muke ba ta, da misalan aji mai benci da fanka. Haka a 2017, da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarabawa aka ce sama da 21,000 sun faɗi, mutane na ta zagin malaman, ni kuwa tunanina takardun shaidarsu. Irina ne suka sa musu hannu.

Ran nan kafin in bar ƙauyen na roƙi dattijon ya riƙa zama a ajin, ɗalibin kuma na ce ya kalli darasin Baba na mako guda kafin ya sake riƙe alli. Bai ji daɗi ba. Mai shirin karɓar NCE, a ce ya zauna ya kalli mutumin da ko kwali ba ya kawowa aji?

Bayan mako biyar na koma, da gangan ranar kasuwa. Tun daga nesa nake jin hayaniya. Ɗalibin ya raba yaran gida uku. Masu haɗa kalma suna gaban allo da monita, na tsakiya suna jera gaɓoɓi, ba, bi, bu, shi kuma yana tsugune a waje da 'yan baya, wandonsa duk ƙasa, suna zana baƙaƙe da tsinke. Da Hausa yake magana. Dattijon na tsaye bakin taga, bai ce uffan ba. Na kira yara biyar daga baya, uku suka karanta "kaza", ɗaya har da "tukunya".

Na zauna kan mashin na ciro takardata. Babu kwali, layin kayan koyarwa ya tafi. Aji na hayaniya, kula da aji ya ragu. Shiga kuwa ba a magana. Na tara, na sake tarawa, 61 suka fito. Na nuna wa Baba, ya kawo takardar kusa da ido ya duba, ya miƙo mini, ya ce in gaida mutanen kwaleji.