Gwiwar Hajiya da abin da ban auna ba

A ƙarshen wannan wata zan bar sashen gashin ƙashi bayan shekara takwas, kuma cikin duk masu ciwon gwiwa da suka hau gadajenmu, mutum ɗaya ce har yau ta ƙi fita daga raina. Dattijuwa ce da ta haura sittin, aka turo ta da takarda mai layi guda: amosanin gwiwa, a yi mata gashi. Ta shekara biyu tana salla a kan kujera, ba ta da burin da ya wuce ta sake kai goshinta ƙasa. Na duba hoton ƙashi na ga guringuntsi ya cinye, na dubi ƙibarta, sai na faɗa mata abin da muka saba faɗa, wato girma ne da nauyi. Ban tambaye ta yawan fitsarin dare ko ƙishirwa ba, ban kuma gwada ko fatarta tana bambance zafi da sanyi ba, alhali gwaji ne na minti biyu da aka koya mana tun muna ɗalibai.

A zuwanta na uku na kunna mata fitilar gashi, na wuce wajen wani majinyacin. Da na leƙo na ce, "Hajiya, zafin bai yi yawa ba?" sai ta ce, "Ɗana, ni ko ɗumi ban ji ba." Maimakon wannan magana ta sa in yi hattara, matso da fitilar na yi. Washegari ta dawo da ƙuna a ƙasan gwiwa, kuma da aka auna jininta kafin ta karya, sugan ya ninka 126, ma'aunin da ake tabbatar da cutar da shi, fiye da sau biyu. Ciwon suga ya daɗe yana kashe mata jijiyoyin ƙafa ba tare da kowa ya sani ba. Sai da gyambon ya kusa wata uku kafin ya rufe.

Laifin nawa ne, ban taɓa musawa ba. Abin da ya ƙi wuce mini shi ne, watanni kafin haka na rubuta wa shugaban sashe ina roƙon a saya mana na'urar auna suga, ya mayar mini da takardar yana cewa mu gwiwa muke gasawa, masu suga suna da ranar asibitinsu. A gaban kwamitin bincike na ce, "Ranka ya daɗe, ai na taɓa kawo wannan magana," ya ce bai tuna ba. Takardar tuhuma ta shiga fayil ɗina, ƙarin girmana ya tsaya.

Zafin abin ne ya mayar da ni karatu, na gane cewa bayanin da muke yi wa mutane, wai gwiwa tamkar tayar mota ce da kaya ke cinyewa, rabin gaskiya ne. Masu ƙiba sun fi sauran mutane kamuwa da amosanin yatsun hannu kusan ninki biyu, kuma ba wanda yake tafiya da hannu. Kitse, musamman na teɓa, yana fitar da sinadarai masu rura kumburi a jiki, ciki har da leptin, wanda aka gano a 1994, sannan a 2003 masu bincike a Faransa suka same shi a ruwan gaɓɓan masu wannan ciwo. Suga kuwa idan ya daɗe da yawa a jini yakan manne wa zaren guringuntsi, ya sandarar da shi kamar fatar da ta sha rana. A garin Bruneck na arewacin Italiya an bibiyi mutane shekara 20, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna masu ciwon suga sun fi kaiwa ga tiyatar sauya gwiwa ko ƙugu kusan ninki biyu, ko bayan an cire tasirin nauyi. Masana suna ci gaba da jayayya kan rabon suga da rabon ƙiba a wannan ɓarna, amma a ganina jayayyar ba hujja ce ta ƙin auna jini ba.

Nauyi ma yana nan da hannunsa dumu-dumu. Kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku, kuma binciken Framingham na Amurka ya nuna a 1992 cewa matan da suka rage kusan kilo 5 haɗarin ciwon ya ragu musu da rabi. Wahalar ita ce ciwo yana hana tafiya, zama yana ƙara teɓa da suga, sannan majinyaci ya koma ga diclofenac, maganin rage ciwo na kemis, wanda ke tayar da hawan jini ya kuma taɓa ƙoda.

Tun daga lokacin ba na kunna fitila sai na gwada fata, ina auna ƙugu da tef, ina sa a zazzage mini ledar magunguna a kan tebur, kuma duk takardar da na rubuta wa na gaba da ni ina ajiye kwafinta. Na'urar auna suga da kuɗina na saya. Bara sashe ya sayi tasa, aka sanar a taron wata cewa shawarar shugaba ce. Tawa tana cikin durowa ta biyu tare da tef ɗin, na bar wa wanda zai gaje ni.