Injin gashi yana Idi-Araba, mu ne ba ma zuwa da wuri

Duk wanda ke zaune a Idi-Araba ya san ɗakin baƙinsa ba ya rabuwa da majinyata. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, yana bakin unguwarmu, kuma tun da aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji ta haɗin gwiwar hukumar zuba jari ta ƙasa, NSIA, da LUTH a watan Fabrairun 2019, da injinan gashi na zamani masu kashe ƙwayoyin daji da haske, 'yan uwa daga Arewa suke sauka a gidajenmu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mafi yawansu sai ciwo ya ci jiki suke isowa. An sha saiwa, an yi turare, an shafa, an daka, an jiƙa, har ƙari ya fashe, sannan a tuna da Ikko.

Gwaggona ma saura ƙiris ta bi wannan hanya. Ta ji ƙululu a mama, likita ya ce a ɗebi tsoka a auna, ta ce atafau. Da na kira ta sai ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki san in ƙarfe ya taɓa daji bazuwa yake yi ba?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri ki zo, ni zan riƙe miki hannu." Wannan magana ta ƙarfe ta kai mata da yawa kushewa, alhali jinkiri ne ke ba ciwon damar bazuwa.

Na ga yadda ake ɗibar da idona. Aka kashe wurin da allura, likita yana kallon ƙarin a allon na'urar sikanin, ya saka wata allura mai ɗan kauri, aka ji ƙas, ya zaro tsoka siririya kamar zare. Ko ɗinki ba a yi ba, filasta aka manna. Kuma wannan 'yar tsoka ita ce komai. A ɗakin gwaji ake gane ko daji ne, in shi ne kuma wane iri. Akwai wanda sinadaran jikin mace ke ciyar da shi, wannan ana ba shi ƙwayar tamoxifen a sha tsawon shekara biyar ko fiye. Akwai mai ɗauke da alamar HER2, shi kuma allurar trastuzumab ce maganinsa, mai tsadar gaske. Wanda bai san irin ciwon ba, da me zai yaƙe shi?

Bayan tiyata da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, aka zo kan gashi, nan ma tsoro ya dawo, don a zaton Gwaggo wuta za a kara mata. Kafin a fara sai da aka ɗauki hoton ƙirjinta da na'urar CT, aka ɗiga mata alamomi a fata, aka gargaɗe ta kada ta goge su wajen wanka. Da hoton ne likita da masanin kimiyyar haske suka tsara a kwamfuta inda hasken zai bi da yawan da za a ba ta, yadda zai kauce wa zuciya da huhu gwargwadon hali. A cikin kan injin akwai siraran ganyayyakin ƙarfe masu motsi, su ke yanka hasken daidai siffar wurin da ake so. Ta kwanta, hannu sama, injin ya kewaya ta yana ɗan ƙugi, cikin 'yan mintuna ta fito tana gyara mayafi. Litinin zuwa Juma'a, har makonnin suka cika. Fatar wurin ta yi duhu, kasala ta dame ta, amma ba ta ɗauko wani haske ta kawo gida ba; da yamma jikokinta na kan cinyarta.

Tsofaffin injinan gashi masu amfani da sinadarin kobalt ƙarfinsu raguwa yake yi da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni. Waɗannan sababbin da lantarki suke haifar da haskensu, shi ya sa tsayayyar wuta da injiniyan gyara suke da muhimmanci kamar likitan kansa. Yanzu ma har hoton PET ana yi a Legas, wanda a da sai an tafi Indiya ko Masar. Sukari mai haske ake zuba wa mutum a jijiya, ƙwayoyin daji su zuƙe shi da haɗama, sai duk inda suka ɓuya ya bayyana a hoto.

Kuɗin dai ba na wasa ba ne, na ga wanda ya sayar da gona. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, a riƙa tambaya a ofishin walwalar majinyata. Mai tahowa daga gida kuma ya haɗo duk takardun gwajinsa da faifan hotuna, har da tsokar da aka daskarar in an taɓa ɗiba, kada a sake biyan abin da aka riga aka biya.

Kirana ga sarakunan Hausawan Idi-Araba da Agege da Mile 12, da kwamitocin masallatanmu: a kama gida ko ɗaya ne kusa da asibiti don masu zuwa gashi. Akwai matan da ke yanke magani a tsakiya su koma gida saboda rashin wurin kwana kawai, gashin da aka katse kuma amfaninsa raguwa yake yi.